Ɗana, Kafin Ka Biya Kuɗin Keken Nan, Kama Hannun Birkinsa

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka tara 'yan dinarorinka kana neman keken tsere, irin mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen ƙaho. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sanya alheri a ciki. Duk wanda ya zauna a unguwar Tayuri ya san wahalar da keke yake rage wa mutum. A takarda litar fetur a Libiya dirhami 150 ce, amma kai da kake Sabha ka san sau nawa gidan mai yake a rufe, ka san tsawon layi ranar da tanka ta iso, ka kuma san farashin da masu jarka suke yankawa a bakin titi. Man kuwa a nan Fezzan ake haƙo shi, a rijiyoyin Sharara da ke wajen Ubari, kuma irin wannan takaicin ne ya sa matasan kudu suka rufe wurin a watan Disamba na 2018. Mai keke ba ya cikin wannan layin. Ya yi sammako zuwa wurin aikinsa a Gurda ko Mahdiyya, ya dawo da yamma, ba wanda ya tatse shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na san inda idonka zai fara sauka: fenti, sunan kamfani a jikin ƙarfe, da rashin nauyi. Mai sayarwa ma can zai ja hankalinka, ya ce ɗaga ka ji. Ni kuwa so nake ka fara da hannayen birkin nan biyu da ke gaban ƙaho. A keken tsere aiki uku suke yi. A kansu tafinka yake kwanciya mafi yawan tafiyar, da su kake tsayawa, da su kake sauya giya. In sun yi daidai da hannunka, kuma ana iya gyara su a garin da kake zaune, ka yi saye. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ya ɓace, kyan fenti ba zai amfane ka da komai ba.

Mu da muka tashi a kan kekunan Raleigh da Phoenix ba mu san wannan damuwar ba. Birkinsu sandar ƙarfe ce daga hannu har taya, giya guda ɗaya tal, kuma duk mai faci a gindin bishiya daga Kano har Agadas zai miƙe maka shi da guduma da sifana. Kekunan tsere na wancan zamani ma ba su da wani sirri: 'yan hannayen giya biyu ne a jikin ƙarfen da ya gangaro zuwa feda, mahayi ya saki ƙaho da hannu ɗaya, ya sunkuya ya ja. A 1990 ne kamfanin Shimano na Japan ya fito da hannun da ya haɗa birki da giya wuri guda. Campagnolo na Italiya ya biyo da nasa a 1992, SRAM na Amurka ya shigo a 2006. Alherin wannan ƙira babba ne: kana sauya giya hannunka bai bar ƙaho ba, yatsunka suna kan birki. A titin da mota take iya fitowa daga lungu ba hon, wannan kaɗai ya isa ya ceci rai. Sai dai an biya shi da tsada. Cikin ɗan dunƙulen nan akwai ƙananan haƙora da sifirin da 'yan ƙugiyoyi a jere kamar cikin agogo, kuma in ya mutu guduma ba ta tayar da shi.

To, ga ka a gaban mai sayarwa. Kada ka tsaya a gefe kana latsa birki da hannu ɗaya. Hau sirdi, wani ya riƙe maka keken ko ka jingina kafaɗa da bango. Ɗora hannu a doron robar da ke saman hannun birki, babban yatsa ta ciki, sauran ta waje. Ya kamata tafinka ya kwanta ba wani tudu da ya tokare maka tsakiya, yatsu biyu su sauka kan hannun birkin da kansu, biyun ƙarshe su sami wurin zagaye ƙasan doron su riƙe. Waɗannan biyun ne za su hana hannunka zamewa gaba ranar da ka faɗa ramin da ba ka gani ba. Sannan ka sauko da hannu cikin lanƙwasar ƙaho, can ƙasa, ka miƙa manuniya. In gaɓarta ta farko ba ta ƙugiye hannun birkin ba sai ka sassauta riƙonka, to ya yi maka nisa. Wannan gwajin mutane suke tsallakewa, alhali a can ƙasa ne birki yake da cikakken ƙarfinsa, can ne kuma hannunka zai kasance lokacin da kake gudu.

Nisa kaɗai bai isa ya sa ka fasa ciniki ba. Yawancin hannayen da aka ƙera a 'yan shekarun nan suna da wani ɗan sukuru a ɓoye, galibi sai ka naɗe robar baya za ka gan shi, kana juya shi hannun yana matsowa kusa da ƙaho. Tsofaffin na Shimano ɗan guntun roba ake cusa musu ta sama ya yi wannan aikin. Bayan ka matso da shi, damƙe birki iya ƙarfinka. Kada ya taɓa ƙaho. In ya taɓa, waya ta saki ko robar birki ta cinye, kuma ranar buƙata zai ƙare maka a hannu keke bai tsaya ba.

Sau da yawa laifin na wanda ya ɗaura shi ne. Noti ɗaya ne yake riƙe shi, alanki mai lamba 5 yake kwance shi. Dubi keken daga gefe: saman ƙaho da doron roba su zama shimfiɗa ɗaya, ko doron ya ɗan ɗaga kaɗan. In ya sunkuya, nauyinka zai riƙa zuba gaba hannu yana zamewa. In ya ɗaga da yawa, wuyan hannu zai lanƙwashe baya, kuma daga ƙasa ba za ka kai ga birki ba. So ake wuyan hannu ya miƙe sak da sauran hannun. Ga dalili. Akwai jijiyar da take ratsa gindin tafi ta ɓangaren ƙaramin yatsa, ita take ba shi ji, da rabin na kusa da shi. In ka danne ta sa'o'i, yatsun nan za su sage. In ka yi ta dannewa mako bayan mako, sagewar tana iya kwana, tana iya ɗaukar makonni, har ƙarfin riƙo ya ragu. Ɗana, da hannun nan kake ci. Da shi kake ɗaukar bulo, kake riƙe cebur ko almakashi ko bututun ban-ruwa a gona, daga guminsa kake tura wa mahaifiyarka abin da ya samu. Keke bai kai ka ba da yatsunka dominsa ba. Da ka ji sun fara sagewa, sauya riƙo: doro, saman ƙaho, cikin lanƙwasa. Don haka aka lanƙwasa shi tun farko. Sa safar hannu mai ɗan laushi a tafi, naɗe ƙahon da tef mai kauri, ka bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe ta sha girgizar hanya. In duk da haka abin bai daina ba, keken ya yi maka tsawo, ko sirdin ya sunkuya gaba yana tura ka kan hannuwa, sai a nemi gyara ta can.

Za ka ga a wayar salula 'yan tseren Turai suna karkatar da hannayen birki ciki har suna kallon juna, don su matse jiki su yanka iska, samari kuma suna kwaikwayo. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da kanta ta hana wuce gona da iri a 2024, ta ce kada karkatar ta haura digiri 10. Abin da aka hana ƙwararru a hanyar da aka tare musu motoci bai kamace ka a titin Sabha ba.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta da sauran. Kafin ka taka feda, san wane hannu ne yake kama tayar gaba. Kekunan gwanjo daga ko'ina suke zuwa. Wanda ya fito daga Faransa ko Jamus ko Amurka, galibi birkin gaba yana hagu. Na Ingila da Japan, inda mota take bin hagu, yana dama. In ka saba da babur, damanka ya riga ya san birkin gaba. Kowanne tsari daidai ne matuƙar hannunka ya haddace shi. Haɗarin yana ga wanda ya ari keken aboki, ko ya sauya keke, ya damƙe na gaba da ƙarfin da ya saba damƙe na baya. Musanya su a birkin waya ƙaramin aiki ne ga mai gyara. Zaɓi ɗaya ka zauna a kai.

Birkin gaba ne yake tsayar da keke. Da ka matsa, nauyinka yana komawa gaba, tayar baya ta yi sakayau, ta ja ƙasa kawai ba ta riƙe ba. A kan kwalta mai tsabta sai ka ja ƙugu baya a sirdi, ka matsa a hankali kana ƙarawa. Amma ƙasar nan ta yashi ce. Iska tana shimfiɗa rairayi a gefen kwalta, a kwana, a shataletale, kuma tayar da faɗinta bai wuce milimita 25 ko 28 ba, in ka kama ta da birki a kan rairayi tana karkace, ba ta yi maka sallama, kafin ka ankara kafaɗarka ta sha ƙasa. A irin wannan wuri rage gudu tun keke yana miƙe, kafin ka shiga yashin, ka saki na gaba, ka lallaɓa na baya. A lungunan Tayuri da babu kwalta, ba abin kunya ba ne ka sauka ka tura har bakin titi. Shi ya sa nake son hannun birki mai jin yatsa, ka matsa kaɗan ya kama kaɗan, ka ƙara ya ƙara. Mai taurin da sai ka haɗa yatsu huɗu sannan ya cafke gaba ɗaya, shi yake kayar da mutum. Karaya ga mai aikin ƙarfi makonni ne babu aiki babu shiga, kuma babban rauni kan sa a ɗauki mutum fiye da kilomita 700 zuwa Tarabulus. Wanda takardunsa ba su cika ba, kuma ka san suna da yawa a unguwar nan, ya fi kowa sanin wahalar wannan tafiya. Sayi hular kwano rana ɗaya da keken.

Batun giya kuwa, kamfanonin uku kowa da hanyarsa. A Shimano hannun birkin kansa kake turawa ciki sarƙa ta hau babban faifai, ɗan ƙaramin da ke bayansa ya sauko da ita. A Campagnolo hannun birki ba ya motsi gefe, akwai ɗan hannu a bayansa da maɓallin babban yatsa ta ciki. A SRAM hannu ɗaya yake yin duka, gajeren turi ya sauko da sarƙa, dogon turi ya hau da ita. Mutane suna ta musu a kan wanne ya fi. Ni ban ga abin musu ba, kwana kaɗan hannu yake sabawa da kowanne. Tambayar da ta dame ni ita ce, ranar da waya ta tsinke ko roba ta yage, a ina za ka samu? Kayan Shimano, da na masu ƙera abin da ya dace da su irin su microSHIFT na Taiwan, sun fi yawo a kasuwa, su ne kuma suka fi yawa a jikin kekunan gwanjo da za a iya ciro wani abu daga gare su. Campagnolo kaya ne mai kyau, ina girmama shi, amma hatta kan wayar giyarsa ya ɗan fi na Shimano ƙanƙanta, ka cusa masa ta Shimano ta maƙale a ciki. A Sabha wannan ɗan bambancin yana iya barin keke a jingine har ya yi ƙura.

Ga inda ake cutar masu saye. Kowane ƙas da hannun giya ya yi, yana jan waya gwargwadon wani awo, kuma dole awon ya dace da masauyin sarƙa na baya da tazarar da ke tsakanin fayafayai. A jerin Shimano na 'yan shekarun nan, Claris na fayafayai 8 ne, Sora 9, Tiagra 10, 105 kuwa 11 ko 12. Hannun 9 a kan fayafayai 10 ba zai taɓa zama daidai ba, ko wane gwani ne ya saita. Ko lissafin ya zo ɗaya ma akwai tarko: Tiagra mai lamba 4700 giya 10 ce, amma awon jan wayarta ya bambanta da na tsofaffin masu giya 10, ba ta tafiya da masauyinsu. Keken gwanjo sau da yawa haɗe-haɗe ne, an tsinto wannan nan, wancan can, an wanke an goge. Saboda haka sa a ɗaga maka tayar baya, ka juya feda da hannu, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya har sama ka dawo. Ƙidaya fayafayai, ƙidaya ƙas: fayafayai tara, ƙas takwas. Kowane ƙas, sarƙa ta matsa faifai ɗaya ta zauna shiru. In tana tsallake ɗaya, ko tana ƙara a tsakiya bayan an saita farko da ƙarshe, kada ka yarda da "ɗan mai kawai take so". Lambar hannun tana rubuce a jikinsa in ka ɗaga roba, karanta ta ka gwada da ta masauyin. Haka birki: hannun keken tsere gajeren ja yake yi wa waya, birkin keken dutse mai dogayen ƙafafu biyu a tsaye kuwa dogon ja yake so. In aka haɗa su, hannu zai kai har ƙaho robar ba ta kama da kyau ba. Ana yin wannan haɗin a kekunan da aka sauya wa ƙaho don a sayar da sunan na tsere.

Sai kuma abokan zamanmu biyu, ƙura da zafi. Ruwan sama sai a shekara ba a ga na kirki ba, amma in iskar gibli ta taso ba inda ƙura ba ta shiga, bare ɗan dunƙulen da yake buɗe ta ƙasa. Da bazara zafi yana haura digiri 40. Giris ɗin da aka sa a masana'anta yana tsufa, ya sha ƙura, ya yi danƙo, sai 'yan ƙugiyoyin ciki su kasa komawa mazauninsu. Alamar ita ce ka tura hannu ya tafi fayau, babu ƙas babu komai. Da yawa a nan suke cewa ya mutu, su karyar da keke a wulaƙance. Na taɓa tsayawa a kan wani dattijo mai gyara yana yi wa irin wannan magani. Ya naɗe robar baya, ya matsa birki har cikin ya buɗe, ya kafa siririn tsinken gwangwanin feshi a tsakanin haƙoran. Baƙin ruwa ya riƙa ɗiga a kan tsumman da ya yafa wa taya don kada ya taɓa robar birki. Yana fesawa yana tura hannun, a banza, a banza, bai gaji ba, can sai aka ji ƙas guda, sannan na biyu. Da suka cika ya bar shi ya bushe, ya ɗiga masa mai marar kauri, ya goge abin da ya malalo. Ka lura bai kwance komai ba. Kai ma kada ka warware cikin hannun Shimano, mayar da shi ba aikin kowa ba ne. Kada kuma ka cika shi da baƙin mai ko giris mai kauri, ƙura za ka gayyato.

Wayar giya tana da nata ciwon. A cikin hannun take naɗewa a wata matsatsiyar kwana, kuma a nan, dab da kanta, take fara tsinkewa sili-sili inda ido ba ya gani. Ya fi faruwa ga hannayen da wayarsu take bi ta ƙarƙashin tef. In giyar da ka saita jiya ta kauce yau, ka sake saitawa ta sake kaucewa, ɗaga roba ka leƙa. Ko sili ɗaya ka ga ya miƙe, sauya wayar a ranar. In ka bari ta tsinke, kan yana maƙalewa a ciki, kuma ciro shi yana iya cin hannun gaba ɗaya. Waya ba ta da tsada, sabunta ta duk shekara ko ba ta nuna komai ba. A wurin saye ka bambance: ta giya siririya ce, wajen milimita 1.2, ta birki ta kai 1.5 zuwa 1.6, kuma kan ta keken tsere daban yake da na keken dutse. Rigar da waya take bi ta ciki ma iri biyu ce. Ta birki ƙarfenta a murɗe yake zagaye-zagaye, ta giya a miƙe. Ina roƙonka don girman Allah, kada ka bari a sa maka rigar giya a birki don ita ce a kusa. Ranar da ka damƙe da ƙarfi tana iya fashewa, birki ya tafi gaba ɗaya. Robar doro kuma rana take kashe ta, ta yi danƙo ta yage, kuma kowace lamba da irin robarta. Ajiye keke a inuwa, a ɗaki in da hali.

Na san abin da zuciyarka take so. Ka ga Biniam Girmay, ɗan Asmara, ya ci Gent-Wevelgem a 2022, ya ci zango uku a Tour de France na 2024 ya tafi da koriyar riga, baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a wannan gasa. Ka ga kekensa da birkin faranti mai aiki da mai, da giyar lantarki, ka ce kai ma irinsa. Ni ma nasararsa ta yi mini daɗi har raina, kuma ba zan ɓoye maka ba, kayan nan suna da kyau. Birkin mai yatsa ɗaya ya ishe shi, ya fi na waya jin hannu. Tun 2018 UCI ta halatta birkin faranti a tseren kan titi, yau kusan duk ƙwararru da shi suke. Amma fifikonsa ya fi bayyana a ruwan sama da doguwar gangara daga kan dutse. Kai kuwa ko Barak ka nufa, ko ka bi Wadil Hayat ta Jarma zuwa Ubari, iska ce za ta fi wahalar da kai. Birkin roba da aka saita da kyau, a busasshen wili, ya ishe ka har ya yi saura.

In kuma ka riga ka sayi mai aiki da mai, ga abin da zai hana ka kuka. Shimano da Campagnolo da man ma'adini suke aiki, hannayen SRAM na keken tsere da aka saba gani kuwa da DOT, dangin man birkin mota. Man birkin mota yana kowane shagon kayan gyara, kuma wani zai ce maka duk ɗaya ne. In ya shiga hannun Shimano robobin ciki za su kumbura su lalace. Sannan in iska ta shiga bututu hannu ya yi laushi, fitar da ita sai da ɗan mazurari da sirinji na musamman, da wanda ya iya. Bincika ko akwai shi a kusa tun kafin ka biya.

Giyar lantarki, Shimano ya fito da tasa a 2009, SRAM ya kawo marar waya ko ɗaya a 2015. Maɓalli kake taɓawa, ba ta gajiyar da yatsa, ba ta kaucewa. Da batir take rayuwa, ka kuma san yadda wuta take ɗaukewa a kudu da bazara, amma wannan mai sauƙi ne tunda ba kullum ake caji ba. Faɗuwa ce abin tsoro. Keke in ya faɗi hannun birki ne yake fara dukan ƙasa, kuma kuɗin guda na irin wannan yana iya sayen keken gwanjo sukutum. Shawarata gare ka Sora ko Claris masu waya, ko Tiagra in ka sami lafiyayya. Sarƙar 8 da 9 ta fi faɗi, ta fi arha, ta fi haƙuri da saitin da bai cika ba. In ka ci karo da tsohon keke mai hannayen giya a jikin ƙarfe ko a ƙarshen ƙaho, kada ka raina shi. Da yawansu ana iya juya su su daina ƙas, ka riƙa saita sarƙa da kunne, kuma irin wannan ba ya zaɓen fayafayai. Aibinsa sakin riƙo don sauya giya, saboda haka ya fi dacewa da buɗaɗɗiyar hanya a kan cunkoson gari. In Allah ya nufe ka da shiga gasa ta gaske, lokacin sai mu yi maganar 105.

Gudun da kake nema, kaɗan ne daga cikinsa yake cikin hannun giya. Bambancin nauyi tsakanin mai arha da mai tsada bai kai na ruwan gora ɗaya ba. Abin da hannu mai kyau yake ba ka shi ne ka riƙa sauya giya a kan kari ba ƙyashi. Samarinmu suna son maƙale sarƙa a ƙaramin faifai su yi ta niƙa da ƙarfi suna ganin jarumta ce, gwiwa kuwa ita take biya. Masu tsere suna juya feda wajen sau 80 zuwa 90 a minti. Iska ta tare ka, koma giya mai sauƙi ka ci gaba da juyawa, ka sa hannu cikin lanƙwasa ka rage faɗin ƙirjinka. Kafin ka tsaya a shingen bincike ko mahaɗa, sauya tun kana tafiya, giya ba ta shiga a tsaye. Lokacin sauyawa ka ɗan sassauta ƙafa.

Kada ka ci bashi don ƙarfe, kada ka taɓa abin da ka ware na gida. In wani ya kawo maka hannayen Ultegra, masu tsadar nan na Shimano, a leda da kuɗin da bai kai na Claris ba, tambaye shi inda ya samo. Ko na sata ne, ko jabu, ko an ciro su daga keken da ya yi haɗari. Ɗaga robar ka duba wurin da noti yake riƙewa, in ka ga tsaga ko siririya ce, bar masa kayansa.

In ciniki ya faɗa, kada ka fara da doguwar hanya. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta marar motoci bayan sallar asuba ka yi ta gwada tsayawa, daga doro, daga cikin lanƙwasa, da na baya kaɗai, da na gaba a hankali, sannan duka biyu, har yatsunka su daina shakkar wanne ne wanne. Ranar da za ka fita bayan gari kada ka fita kai kaɗai. Faɗa wa na gida hanyar da za ka bi da lokacin dawowa, takardunka a aljihu, ruwa ya fi wanda kake zaton za ka sha. A 'yar jakar sirdi a sami tub, kayan faci, alanki 4 da 5, ƙaramin sukundireba, da wayar giya guda a naɗe, famfo kuma a jikin keke. In wayar baya ta tsinke ka kasa sauyawa a hanya, sarƙa za ta faɗa ƙaramin faifai, mafi nauyi. A jikin masauyin akwai 'yan sukuru biyu, ɗaya da harafin H. Tura masauyin ciki da hannu kana juya feda, ka ɗaure wannan sukurun har sarƙa ta tsaya a faifai na biyu ko na uku, sannan ka sauke ta gaba zuwa ƙaramin faifai. Da wannan za ka iso Tayuri a kan sirdi. Ka gaida mutanen gida, Allah ya tsare hanya.